Waƙa a Bakin Mai Ita

A watan Mayu na shekarar 1930, a gidan opera na birnin Faris, Arturo Toscanini ɗan Italiya ya tsaya gaban tawagar makaɗan da ya zo da su daga New York, suka kaɗa wani kiɗa mai suna Boléro. Wanda ya tsara kiɗan, Maurice Ravel, yana zaune cikin jama'a. Da aka kammala ɗaki ya ɗauki tafi, Toscanini ya juyo ya yafito shi ya miƙe ya karɓi yabonsa. Ravel ya ƙi tashi. Da suka haɗu a bayan fage bai ɓoye masa ba, ya ce ya yi gaggawa, shi ba haka ya rubuta ba. Masu ba da labarin sun saɓa a kan kalmomin da Toscanini ya mayar masa, amma ma'anar ɗaya ce: in aka bi takun da Ravel yake so, kiɗan ba zai tashi ba. Wato mai kaɗawa yana gaya wa mai tsarawa ya fi shi sanin abin da ya tsara.

Abin da ya sa gardamar ba ta bi su kabari ba shi ne, a watan Janairun wannan shekara Ravel ya riga ya jagoranci tawagar Lamoureux da kansa, an naɗi Boléro a faifai. Faifan yana nan har yau, kowa na iya nemansa a intanet. Yana cin kusan minti 16. Na Toscanini da aka naɗa daga baya bai kai minti 14 ba. To, wanne ne Boléro?

Bahaushe ya daɗe da yanke hukunci, ya ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Na jima ina sauraron waɗannan tsofaffin fayafayai na masu tsara kiɗa suna jagorantar abin da suka tsara, kuma rabin karin maganar nan na karɓe shi hannu bibbiyu. Ɗaya rabin ne ya hana ni sakat. Domin a ƙarƙashin zancen kiɗa akwai tambayar da ta shafi duk wanda ya taɓa wallafa littafi, ko ya bar wasiyya, ko ya kafa doka: shin mutum ya mallaki ma'anar abin da hannunsa ya yi? In ya ce ga abin da nake nufi, magana ta ƙare ke nan? Na san malamai sun yi saɓani kan hukuncin kiɗa, kuma ba fatawa na zo bayarwa ba. Wanda ba ya saurare ma, tambayar za ta iske shi a wani wurin.

A wurinmu, mai waƙa da mai rera ta galibi mutum ɗaya ne. Shata bai rubuta Bakandamiya ya miƙa wa wani ya ce je ka rera ba. Al'adar kiɗan da nake magana a kai daban take. Mutum ne zai zauna shi kaɗai da alƙalami, ya rubuta wa kowane makaɗi abin da zai yi, masu goge da masu sarewa da masu ƙahon tagulla da masu ganga, mutum 80 ko 100. Sai wani daban ya tsaya gabansu da 'yar sanda a hannu ya haɗa kansu. Takardar tana faɗin sauti da tsawonsa, tana kuma cewa nan a tafi sannu, nan a yi sauri. Amma sannu nawa? Mozart ya rasu a 1791, Beethoven a 1827, kuma Edison bai ƙera na'urar naɗar sauti ba sai 1877. Don haka babu mai rai da ya san yadda suke kaɗa nasu. Takarda kawai suka bari, makaɗa suka yi ta musu a kanta. Da garmaho ya zo, sai aka yi zaton an rufe ƙofar musun har abada, tun da ga mai abu zai nuna da kansa.

Edward Elgar ɗan Ingila shi ne na farko cikin manyansu da ya ɗauki garmaho da muhimmanci. An haife shi a 1857 kusa da garin Worcester. Mahaifinsa mai shagon kayan kiɗa ne mai gyaran piyano, kuma a cikin wannan shago ya koya wa kansa tsara kiɗa, bai je wata makaranta domin haka ba. Ya fara naɗa a Janairun 1914, zamanin da babu makirfo. Wani ƙaton mazurari ake kafawa, makaɗa su cunkushe a bakinsa, sautin ya girgiza allura, allurar ta yi zane a kan kaki. Tawagar sai an rage ta sosai. Manyan goge masu muryar ƙasa ba sa shiga da kyau, sai a sa ƙahon tagulla ya tsaya musu. Fuskar faifai ɗaya kuma minti huɗu ne da 'yan kai. A 1916, da aka zo naɗar babban kiɗansa na goge tare da Marie Hall, wanda kan ci kusan minti 50, Elgar da hannunsa ya datse shi bai bar ko rabinsa ba. Wannan ma bakin mai ita ne. Amma babu wanda zai ce guntun shi ne abin da yake nufi. Na'ura ce ta tilasta shi, ya bi.

Da makirfo ya shigo a 1925, Elgar yana dab da shekara 70, sai ya sake naɗar yawancin manyan ayyukansa daga 1926 zuwa 1933. Shi ya jagoranci kiɗan buɗe ɗakin naɗar sauti na Abbey Road a Landan ranar 12 ga Nuwamba 1931. A Yulin 1932 ya koma kan kiɗan gogen nan da ya taɓa datsewa, wannan karon cikakke, shi yana da shekara 75, mai gogen kuwa Yehudi Menuhin yaro ɗan shekara 16. A Janairun 1934, yana kwance a gidansa a Worcester cikin ciwon ajali, kamfanin da ke naɗar kiɗansa ya ja layin tarho daga Abbey Road har gefen gadonsa. Wani ne ke riƙe da sandar a Landan, shi kuma yana saurare ta lasifika yana gyara musu. Ya cika ranar 23 ga Fabrairu. Mutumin da ya yi haka a makonninsa na ƙarshe ba wasa yake yi ba. So yake a ji abinsa yadda yake jin sa a cikin kansa, kuma duk mai adalci dole ya girmama wannan.

Akwai wani ɗan sashe cikin aikinsa na 1899, Enigma Variations, da ake kira Nimrod. Aikin gaba ɗaya hotunan abokansa ne da ya zana da sauti, kowane sashe da mutuminsa. Nimrod laƙabi ne da ya saka wa amininsa August Jaeger, ma'aikacin kamfanin buga takardun kiɗa na Novello, wanda ya taɓa zaunar da shi lokacin da ya karaya har yana tunanin barin kiɗa, ya tuna masa wahalar da Beethoven ya sha bai daina ba. Hirar aboki da aboki ce. Jaeger yana da rai lokacin da aka rubuta shi, bai rasu ba sai 1909. Yau kuwa a Ingila Nimrod ya zama kiɗan makoki. Shi ake kaɗawa kowace Nuwamba a Landan ranar tunawa da sojojin da suka mutu a yaƙi, shi ake sawa a jana'iza.

Ka saurari naɗin Elgar na 1926. Farko za ka ji shuu na allura, kamar yayyafi a kan rufin kwano. Sai goge su shigo a hankali, yatsun makaɗan suna zamewa a kan tsirkiya daga sauti zuwa sauti ba tare da sun ɗaga ba, salon da makaɗan yau aka hana su. Ba ya tsayawa jimami. Yana tafiya gaba, yana ƙara wuta in zancen ya yi zafi, ya ja baya kaɗan ya sake turawa, har ya kai ƙololuwa, sannan ya sauka nan da nan ya wuce. Duka bai cika minti uku ba. A 1982 Leonard Bernstein ɗan Amurka ya naɗi wannan sashe da tawagar BBC, ya kai shi wajen minti shida. Takarda ɗaya, sauti ɗaya, ba a ƙara ba a rage ba. Amma na farko mutum ne yana gode wa abokinsa da ke zaune kusa da shi, na biyu kuwa taro ne a bakin kabari.

Kafin in faɗi inda na tsaya a kan wannan, sai mun bi ta kan Igor Stravinsky, domin shi ne ya ɗaga da'awar cewa faifan mai abu ne magana ta ƙarshe, ya kai ta har ƙarshenta. Shi ɗan Rasha ne, an haife shi a 1882, kuma kiɗansa The Rite of Spring ne ya ta da hayaniya a Faris ranar 29 ga Mayu 1913 da aka fara kaɗa shi. Stravinsky ba ya ƙaunar jagororin da ke sa ra'ayinsu cikin aikinsa. A laccocin da ya gabatar a jami'ar Harvard a 1939 zuwa 1940 ya raba tsakanin mai zartar da abin da aka rubuta da mai yi masa fassara, kuma a fili yake wanda ya fi tsoro. Tun kafin nan ya bayyana cewa yana naɗar ayyukansa ne domin su zama hujja, duk wanda zai kaɗa su bayansa ya koma gare su ya ga yadda ake yi. Ya shafe kusan shekara 40 yana wannan aiki, mafi yawa da kamfanin Columbia.

Sai ga shi ya naɗi The Rite of Spring a Faris a 1929, ya sake a New York a 1940, ya kuma sake a 1960. Ba su zo ɗaya ba. Takunsu ya bambanta da juna, a wurare da dama kuma ya bambanta da lambar da shi kansa ya rubuta a kan takardar. Ita takardar ma bai bar ta ta huta ba, ya yi ta yi mata gyara, har sashen ƙarshe ya sake rubuta shi a 1943. Wasu ayyukan nasa, irin su Petrushka na 1911 da ya sabunta a 1947, har da neman kare haƙƙin mallaka a cikin dalilin sabuntawar. A shekarun tsufansa kuma mataimakinsa Robert Craft ne ke yi wa makaɗa bita kafin shi ya zo ya karɓi sanda. Daga ƙarshe shi da bakinsa ya amsa cewa babu ɗaya cikin naɗe-naɗensa da zai iya maimaitawa yadda ya yi shi, ko da yake yana ganin har yanzu suna iya shiryar da wasu. Ban ɗauki wannan abin kunya gare shi ba. Gaskiya ce ta ci ƙarfin da'awa, kuma ya yi dattakon amsa ta.

Ni dai ba a wurin Turawa na fara cin karo da wannan matsala ba. A zaure na fara, muna karatun Muwaɗɗa. Ba ina daidaita hadisi da kiɗa ba ne, tsakaninsu akwai nisan sama da ƙasa. Abin da nake dubawa shi ne halin mawallafi da littafinsa. Wata safiya mun zo wani babi, malam ya ɗora ɗan yatsa a gefen shafi inda aka yi ƙaramin rubutu, ya ce wannan a ruwayar wane ba haka ya zo ba. Na ce, "Allah gafarta malam, ai littafin ɗaya ne, mai shi kuma ɗaya ne." Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Mai shi ɗaya ne, ɗana, amma ba rana ɗaya ya yi a duniya ba." Ya ci gaba da karatu.

Abin da yake nufi sananne ne. Imamu Malik ya shafe shekaru masu yawa yana karantar da Muwaɗɗa a Madina, yana ƙarawa yana ragewa, har ya rasu a shekara ta 179 bayan Hijira. Kowane ɗalibi ya tafi da littafin yadda ya same shi a lokacinsa. Wadda muke karantawa a ƙasar Hausa ruwayar Yahaya ɗan Yahaya Allaisi ce, mutumin Andalus, wanda ya riski Malik a ƙarshen rayuwarsa. Shi ma akwai 'yan babuka na i'itikafi da bai tabbatar ya ji daga bakin Malik ba, sai ya ruwaito su ta hannun malaminsa Ziyad, kuma bai ɓoye hakan ba. Akwai ruwayar Muhammadu Shaibani almajirin Abu Hanifa, akwai ta Abu Mus'ab wadda ta fi ta Yahaya yawan hadisai, akwai ta Ƙa'anabi. Dukansu sun zauna gaban mai littafin. Dukansu daga bakinsa suka ji. Malamai ba su ce ɗaya ce Muwaɗɗa sauran jabu ba. Sun jera su, sun auna, sun san wadda ta riga da wadda ta biyo baya. Haka Imamu Shafi'i yake da tsohuwar magana ta Iraƙi da sabuwa ta Masar, kuma ba wanda ya ce ya ƙaryata kansa.

Abin da ya fi burge ni shi ne labarin da ake bayarwa cewa wani halifa ya so ya ɗora wa al'umma duka Muwaɗɗa ta zama ita kaɗai ake bi, Malik ya ƙi. Hujjarsa ita ce sahabbai sun watsu a garuruwa, kowane gari da ilimin da ya isa gare shi. Ga mawallafi an miƙa masa abin da Stravinsky ya yi ta nema da na'ura, wato ya zama shi ne magana ta ƙarshe, ya mayar da shi. Ba don yana shakkar littafinsa ba. Ya san iyakar ɗan Adam ne.

Nan ne nake ganin asalin maganar yake. Mun yi imani cewa Allah Maɗaukaki ne kaɗai iliminSa ya kewaye abin da Ya yi, ciki da waje, farko da ƙarshe, domin daga babu Ya samar da shi, kuma zamani ba ya sauya Shi. Ɗan Adam ba ya samarwa daga babu. Tarawa yake yi ya haɗa. Elgar bai ƙirƙiri kunnensa ba, bai ƙirƙiri goge ba, bai ƙirƙiri yadda sauti biyu ke daɗi in sun haɗu ba. Ya sha daga Brahms da Wagner da kiɗan cocin da ya yi wa aiki yana saurayi, wani da saninsa wani ba da saninsa ba. Abin da aka haɗa da kayan aro, da baiwar da ba kai ka ba kanka ba, dole ya ƙunshi abin da ya fi saninka. Stravinsky ma, duk da zafinsa, da ya tsufa ya siffanta kansa a matsayin mazubi kawai da The Rite of Spring ya ratsa ta cikinsa. To wanda ya ce shi mazubi ne, yaya zai ce shi kaɗai ya san duk abin da aka zuba? Mai fasaha da ya ce babu wata ma'ana a aikinsa sai wadda ya sani, yana neman wa kansa siffar da ba ta halitta ba ce, ko bai lura ba.

Akwai abin da mai abu ya sani wanda babu mai ja da shi a kai, shi ne niyyarsa. In Ravel ya ce sannu yake nufi, Toscanini ba shi da bakin cewa a'a, sauri kake nufi. Amma faifai ba niyya kaɗai yake ɗauka ba. Yana ɗaukar ƙarfin hannun mutum a ranar, da gwanintar makaɗan da aka samu, da yawan bitar da kuɗi suka isa a yi, da iyakar na'ura. Sani daban, iyawa daban. Richard Strauss da Benjamin Britten gwanaye ne a jagoranci ko da ba su tsara komai ba. Ravel kuwa mutanen zamaninsa ba su lissafa shi cikin gwanayen sanda ba. Robert Schumann, wanda ba a musun girmansa a tsara kiɗa, jagorancin tawagar Düsseldorf ya gagare shi har ya bar sandar a 1853. Da an naɗe shi a lokacin, da yau muna da faifan da zai zalunci aikinsa da hannunsa.

Sai dai akwai masu ɗaukar wannan magana su wuce gona da iri. Wani Bafaranshe mai suna Roland Barthes ya rubuta maƙala a 1967 yana cewa a ɗauka mawallafi ya mutu, ma'ana tana hannun mai karatu. Wannan ban yarda da shi ba, kuma ba ƙaramin rashin yarda ba. Cewa mutum bai san duk abin da ke cikin aikinsa ba, ba ya nufin bai san kome ba. Aikin amana ne a hannun wanda ya karɓa. Wanda aka bar wa wasiyya yana iya gano hikimar da mamacin bai hango ba a cikinta, amma ba shi da damar juya ta ta koma kishiyar abin da aka ce. In aka bar kowa ya karanta son ransa cikin kowace magana, to ba a sake jin kowa ke nan, kowa kansa yake ji. Ina ganin wannan babbar asara ce, domin duk amfanin sauraron wani shi ne ya kawo maka abin da ba ka da shi.

Kuma kada mu yarda da kunnenmu fiye da kima. Jean Sibelius ɗan ƙasar Finlan sau ɗaya tak aka naɗe shi yana jagorantar kiɗansa, wani ɗan gajere mai suna Andante Festivo, ranar 1 ga Janairu 1939, a wani shiri na rediyo da aka watsa zuwa ƙasashen waje. Shekaru da dama wani naɗi daban ne yake yawo da sunan nasa, mutane suna saurare da girmamawa, har sai da aka gano na ainihin a ma'ajiyar gidan rediyon. Duk tsawon lokacin nan suna ne ake saurare. Shi ya sa kafin a tambayi me mai abu ya ce, sai an tabbatar shi ɗin ne ya faɗa, da yaushe, da kuma a wane hali. Malamanmu sun riga kowa sanin darajar wannan tambaya.

Wani lokaci ma mai abu ba ya son a ji duk abin da ya fito daga bakinsa. A Janairun 1963 Britten ya naɗi War Requiem a Landan, aikin da ya rubuta domin buɗe sabuwar majami'ar Coventry bayan bama-baman Jamus sun rusa tsohuwar a 1940. Ya zaɓi mawaƙa uku daga ƙasashe uku da yaƙin ya ci, Baturen Ingila da Bajamushe da 'yar Rasha. Mai kula da naɗin, John Culshaw, ya bar makirfo a buɗe lokacin bita ba tare da Britten ya sani ba, ya haɗa faifai ya ba shi kyauta da ya cika shekara 50. Britten bai ji daɗi ba ko kaɗan. Ba a fitar da wannan naɗi ga jama'a ba sai 1999, shekara 23 bayan rasuwarsa. Na saurare shi, kuma na ƙaru: za ka ji mutum yana roƙon mawaƙa su ji tsoron abin da suke faɗa, ba su rera shi da kyau kawai ba. Babu takardar da za ta ɗauki wannan. Amma raina bai kwanta da shi ba, domin mai maganar bai yarda a ji ba. Son sanin niyyar mutum bai halatta mana laɓe a bayan ƙofarsa ba.

To ga inda na tsaya. Faifan mai abu shaida ce, kuma ita ce shaida mafi ƙarfi da za a samu, ta wanda ya ga abin tun yana cikin zuciya. Ita ake fara saurare, kuma wanda zai saɓa mata shi ne zai kawo hujja. Amma shaida ba hukunci ba ce. Ana iya samun jagoran da zai buɗe wata ƙofa cikin aikin wadda mai shi bai san da ita ba, kuma in hujjarsa daga cikin aikin ta fito, ya kyautata. Pierre Monteux, wanda ya riƙe sanda a daren farko na The Rite of Spring, da Pierre Boulez da ya zo daga baya, sun fitar da abubuwa a cikinsa da hannun Stravinsky bai iya fitarwa ba, ba tare da sun mai da shi wani abu daban ba.

A kan Nimrod kuwa ina tare da Elgar, kuma ba don sunansa kaɗai ba. Wasu na cewa gajartar faifai ce ta sa shi sauri, amma a 1926 in kiɗa ya yi tsawo ƙara fuska ake yi, kuma takun nasa ya dace da abin da ya faɗa game da Jaeger, ya dace da wurin da sashen yake a tsakanin hotunan abokai masu rai. Bernstein gwani ne, abin da ya yi yana ratsa zuciya, kuma na san mutanen da nasa suka fi so. Sai dai ya ɗauki godiya ya mai da ita ta'aziyya, wannan kuwa ya wuce fassara. Mai karatu, in za ka gwada, nemi na 1926 ka fara da shi, ka daure wa ƙarar allurar, sannan ka saurari na 1982 ka yanke naka hukuncin.